Aikin da ido ba ya gani: wa ke bin mu bashinsa?

Duk wanda ya daɗe a kasuwannin Anacha ya san abin da ake nufi in an ce kaya ɗan Caina ne. Ana nufin mai araha, mai ƙyalli, wanda ba a sa masa ran ganin baɗi. Tocila, caja, silifas, kular abinci, kwaɗon da yaro zai ɓalle da cokali, haka suke shigowa kwantena-kwantena, su ratsa babbar kasuwa da Ochanja, su hau motocin Upper Iweka su bazu ko'ina. Mu ma muna saye, muna sayarwa, in sun lalace mu yi tsaki mu sake sayo wasu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙasar nan da ta cika duniya da kayan sauri ita ce kuma take da wata sana'a wadda akwati ɗaya tak yakan ci shekara, wani ma fiye, kafin a ce an gama shi. Wannan sana'a ce muke so mu ɗan tsaya a kanta, domin tana ɗauke da wata tambaya da ta shafi kowane ɗayanmu, daga mai tumatir a bakin gada zuwa mai ɗinkin takalmi a tasha. Tambayar ita ce: aikin da mai saye ba zai gani ba, kuma ba zai ƙara mana ko kwabo dominsa ba, shin dole ne mu yi shi?

Bari mu fara da sana'ar. Akwai wata bishiya a ƙasar Sin wadda ake tsaga bawonta a tari ruwan da ke tsattsafowa, kusan yadda ake samun ƙaro a jikin dakwara a wurinmu. Bari mu kira shi ƙaron Sin. Abin da bishiya guda take bayarwa a shekara bai wuce cikin kofin shayi ba, ga shi ɗanyensa in ya taɓa fata sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Ana tace shi, a haɗa shi da garin wani jan dutse, sannan a shafa a jikin akwati ko faranti na katako. Shafen siriri ne, bai kai kaurin takarda ba. Abin mamaki, wannan ƙaro ba ya son rana da busasshiyar iska. Sai an sa shi a ɗaki mai ɗumi da danshi yake ƙamewa, kuma shafe ɗaya yakan ci yini ko fiye. In ya kama sai a ƙara wani a kai. Haka za a yi ta yi, hawa kan hawa, har a kai ɗari, a manyan ayyuka ma har ɗari biyu. Sai kaurin ya isa sannan gwani zai ɗauki wuƙarsa ya sassaƙa furanni, tsuntsaye, duwatsu da gidaje a cikin ƙaron kansa, ba tare da ya taɓo katakon da ke ƙasa ba.

Sana'ar ba ta jiya ba ce. A wani wuri mai suna Hemudu, a lardin Zhejiang, an tono wani akushi mai jan shafe wanda masana suka ce ya kai shekara 7,000. Ita kuwa sassaƙar ta bunƙasa ne a zamanin daular Song (960 zuwa 1279), aka sami fitattun gwanaye irin su Zhang Cheng da Yang Mao a zamanin daular Yuan (1271 zuwa 1368), sannan sarakunan Ming da Qing suka mayar da ita aikin fada. A 2006 gwamnatin Sin ta sanya sassaƙar ƙaro ta birnin Bejin cikin jerin al'adun gado da take karewa.

To, ga inda darasin yake. Wanda ya yi shafe na talatin ya san shafe na talatin da ɗaya zai rufe aikinsa gobe. Ba wanda zai yaba masa. Sau da yawa ma mai shafen daban, mai sassaƙar daban, kuma sunan mai sassaƙa ne ake tunawa. Amma in ya yi ha'inci rana ɗaya, ya ƙara shafe a kan wanda bai kama ba, ko ya bar ƙura ta hau, aibin yana nan kwance a ciki. Bayan watanni wuƙa za ta ratso ta wurin, a ga ɓawo ya ɗago ko ya yamutse, kuma ba a cike gurbin yanka yadda ba za a gane ba. Akwai ma wani salo da suke jera shafen baƙi da ja, baƙi da ja, don in an yanka a ga zaren launuka a gefen yankan. Wato da gangan suke barin wuƙa ta tona aikin kowace rana. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai wani ƙoƙon shan giya mai shafen wannan ƙaro, wanda aka yi a shekara ta 4 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). A gindinsa an rubuta sunayen ma'aikata shida da suka yi shi da jami'ai bakwai da suka duba aikin. Shekara dubu biyu ke nan, amma har yau ana iya cewa wane ne ya gyara katako, wane ne ya yi shafe.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen nesa ne. Mu da muka taso a Arewa mun san irinsa a gidajen iyayenmu. Ɗauki ƙwarya. Sai duma ya nuna ya bushe, a fafe shi, a kankare cikinsa, a jiƙa shi a yi ta sauya ruwa har ɗacin ya fita. Zanen da ake yi a bayanta da wuƙa mai zafi shi ne aikin ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi. Ƙwaryar da aka yi wa ado ba a fitar mata da ɗaci ba, ranar da aka dama fura a cikinta asirinta zai tonu. Shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauki daɓe. Mata sukan taru da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa makubar ɗorawa, a buga, a bar shi ya sha iska, a sake yayyafawa a sake bugu, har ɗaki ya yi santsi ya yi shekaru bai fashe ba. Ɗauki marinar Ƙofar Mata a Kano, inda baƙin zane ba ya samuwa da tsoma ɗaya. Sai an tsoma an ɗaga ya sha iska, an sake tsomawa, sau da yawa, kafin a kai wa mabuga. Ɗauki majema, da kwanakin da fatar jar akuyar Sakkwato take yi cikin ruwan bagaruwa, fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can take bi ta isa gare su. Duka waɗannan sana'o'i rabinsu mafi nauyi a ɓoye yake. Kakanninmu sun san haka, kuma da haka suka yi suna har bakin teku.

Amma fa kada mu yi saurin yanke hukunci, domin mai ja da wannan magana yana da hujja, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Zai ce: Malam, wancan akwati sarki ne ya sa a yi, baitulmalin daula ne ya ciyar da masu shafen har shekara. Ni wa zai ciyar da ni? Na ɗauko albasa daga Aliero ko tumatir daga Kadawa, na biya kuɗin mota, na biya a shingaye tun daga can har gadar Neja, na sauke na biya masu karɓar haraji, na biya kuɗin rumfa. Tumatir ba ya jiran haƙuri, kwana biyu ya ruɓe. Mai saye kuma in na ce masa nawa ya fi kyau don haka ya fi tsada, gaba zai yi ya sayi na maƙwabcina. Haƙurin da kake wa'azi a kai kayan masu hali ne. Zai ƙara da cewa bokitin roba ɗan Caina rahama ne ga talaka, domin matar da ba ta da kuɗin masaki da akushi yanzu tana da abin ɗiban ruwa da abin zuba tuwo.

Wallahi duk wannan gaskiya ne. Sauri ba zunubi ba ne, araha kuma ba laifi ba ce. Duniyar da kowane ƙoƙo sai ya ci shekara, duniya ce da sarakuna kaɗai za su sha ruwa a ƙoƙo. Wanda ya ce a koma zamanin da, bai yi wa talaka adalci ba. Saboda haka in tambayar ita ce ko dole kowane aiki ya zama na hawa ɗari, amsa ita ce a'a.

Sai dai tarihin ƙaron nan da kansa ya nuna mana inda iyakar take. Da kayan suka isa Japan, masassaƙan can suka ga ba kowa zai iya jiran hawa ɗari ba. Sai suka sassaƙa adon a jikin katako kai tsaye, suka bi shi da shafe kaɗan. Kowa ya san abin da aka yi, ba a ɓoye wa kowa ba, har abin ya zama sana'a mai zaman kanta da ake kira da sunan garin Kamakura, mai darajarta da masu sonta. A ɗaya gefen kuma akwai masu zuba roba a cikin mazubi, ta fito da furanni da tsuntsaye cikin 'yan sa'o'i, a bi ta da jan fenti, a sayar wa baƙo da sunan aikin hannu. Dukansu biyu sun gajarce hanya. Na farko ya faɗi abin da ya yi, na biyu ya karɓi kuɗin shekara a kan aikin yini. Ashe kaya iri uku ne a kasuwa: mai tsada da aka daɗe ana yi, mai araha da ya amsa sunansa, da kuma mai araha da ya ari rigar mai tsada. Biyun farko halal ne. Na ukun shi ne algus.

Malamanmu sun daɗe da fayyace wannan. Duk wanda ya zauna a zaure ya yi Risala ya wuce ta babin ciniki, inda aka hana yaudara, da ɓoye aibin kaya, da cakuɗa mummuna cikin mai kyau. Kuma mun san labarin da ya zo a Sahihu Muslim, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Bai hana mutumin sayar da jiƙaƙƙen hatsi ba. Abin da ya nuna masa shi ne ya ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Mu lura da kyau: ba a ce sai kayanka sun zama mafi kyau a kasuwa ba. An ce ƙasan kwandonka ya zama ɗaya da samansa, ko kuwa ka faɗa. Wannan kuwa ba ya buƙatar baitulmalin sarki. Mai tire ɗaya na goro zai iya.

Saura tambaya mafi wuya, wadda wurin zamanmu ya sa ta fi matsa mana. A ƙauye mai saye maƙwabcinka ne, gobe za ku haɗu a masallaci. A Upper Iweka kuwa mai saye matafiyi ne. Ya sauko daga motar Legas, zai hau ta Aba ko ta Inugu, ba zai sake ganin fuskarka ba har abada. In ka ɗinka masa takalmi da zaren da zai tsinke bayan kwana uku, ko ka sa masa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando, ba wuƙar da za ta ratso ta tona ka. To me zai hana?

Abu na farko, cutar tana nan ko an gane ko ba a gane ba. Mu da ke zaune a garin nan mun fi kowa sani. A 2007 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin marigayiya Dora Akunyili, ta rufe kasuwar magani ta Head Bridge na tsawon watanni saboda jabun magunguna, kuma an sake rufe ta a 2025. Jabun magani shi ne ƙarshen kayan da samansu ya saɓa wa cikinsu: kwali daidai, launi daidai, ciki alli. Uwar da ta ba ɗanta ba za ta taɓa sanin wanda ya cuce ta ba, amma yaron ya tafi. Kada kuma mu nuna wasu da yatsa mu manta da namu sashen. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken nan da ake zuba wa guba don kada ya yi ƙwari a sito, wanda bai je Turai ba cikin tukunyar wa ya shiga? Ta maƙwabtanmu da tamu.

Abu na biyu, baƙo ba shi da suna nasa shi kaɗai. Wanda aka cuta a tasha ba zai je gida ya ce wane ɗan wane ya cuce ni ba. Cewa zai yi Bahaushe ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Amanar da ta sa ɗan kasuwar Ibo yake ba wa ɗan canji kuɗinsa ba tare da takarda ba, ko mahauci a Fatakwal yake karɓar sa a Lokpanta ya biya bayan ya sayar, ba mu muka ƙirƙire ta ba. Waɗanda suka riga mu zuwa ne suka shafa ta hawa kan hawa, da ciniki ƙanana da ba wanda ya rubuta. Mun iske ta da kauri muna ci daga cikinta. Ba za mu ce gaskiya tana tare wa mutum fitina ba, domin a rikicin Fabrairun 2006 mutanen kirki da yawa sun rasa rayukansu da dukiyarsu a garin nan, wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba da rigar jikinsu kawai. Taron fushi ba ya tambayar halin kowa. Amma bayan ƙura ta lafa, da me mutum yake sake tsayawa? Wanda ya dawo ba jari, abin da ya rage masa shi ne ko akwai mai cewa: na san shi, ku ba shi kaya zai biya. Ranar nan ce wuƙa take ratsa shafen shekaru.

Abu na uku ya fi waɗannan zurfi, kuma yana nan ko da babu mai cutuwa, babu sunan da zai ɓaci. Hannun da ya saba ha'inci inda ba a gani ba ya iya dainawa inda ake gani. Mutum ba shi da hali biyu, ɗaya na tasha ɗaya na gida. Kowace rana da ya tsallake wani aiki don ba mai kallo, kansa yake shafawa, kuma shi zai zauna cikin abin da ya shafa. Wanda ya yi shekara ashirin yana tauye mudu, in ya zo rabon gado da 'yan'uwansa, hannun nan dai shi zai yi awo. Musulmi kuwa ya san babu wani aiki da ba Mai gani. Abin da ake kira ihsani ke nan, kuma ba a kan sallaya kaɗai yake ba. Yana cikin ɗinkin da ke ƙarƙashin takalmi da naman da ke tsakiyar tsire.

Sannan mu juyo kanmu a matsayin masu saye, domin rabin alhakin a nan yake. Mu ne muke taya tela har ya rasa riba, mu kai masa yadi saura kwana uku Sallah, mu kuma yi fushi in aljihu ya ɓarke. Mu ne muke son magini ya gama katanga yau, ba ma son jin cewa siminti sai ya kwana ana ba shi ruwa. Mu ne muke riƙe wa malamin allo kuɗin Laraba, muna son yaro ya sauke cikin gaggawa. Wanda ya ƙi biyan kuɗin aikin ɓoye, shi ne yake koya wa mai sana'a ya daina yinsa. Araha ba ta ado. In muna son ƙasan kwando ya yi daidai da samansa, sai mu yarda kwandon gaskiya ya ɗan fi tsada, mu kuma koma wa mai gaskiyar gobe, mu aika masa wasu.

Haka ma yaranmu. Maƙwabtanmu Ibo suna ɗauko yaro ya zauna da ubangida shekara biyar, shida, har bakwai yana koyon kasuwa, sannan a sallame shi da jari. Tsarin yana da nasa aibu, akwai iyayen gidan da ke cin amana ranar sallama, amma ya gina kasuwar da muke ci a cikinta. A wurinmu kuwa yaro yakan sauko daga bayan tirela yau, gobe an miƙa masa baro ko akwatin goge takalmi, an bar shi da tasha ta yi masa tarbiyya. Ba wanda ya zauna da shi ya nuna masa yadda ake awo, yadda ake faɗin aibin kaya, yadda ake mayar da canjin da aka manta. Bayan shekara biyar mu ce yaran yanzu ba su da amana. Wa ya yi musu shafen farko?

Abin da za a iya yi ba ya neman kuɗi mai yawa. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin albasa, hatsi, dabbobi da canji a Anacha, Inugu da Fatakwal suna da ikon da gwamnati ba ta da shi, domin su ake kai wa ƙara kuma su ake jin kunya. Za su iya tsayar da mudu ɗaya da kowa ya yarda da shi, su riƙa zagayawa suna dubawa. Za su iya cewa kowane buhun wake ko gero ya ɗauki alamar mai shi, kamar ƙoƙon nan mai sunaye goma sha uku, don in an sami guba ko tsakuwa a san ƙofar da za a buga. Za su iya ware wa kaya masu rauni gefensu da farashinsu, yadda mai ƙaramin ƙarfi zai saya da saninsa. Za su iya hana a bar sabon yaro ba ubangidan da zai amsa sunansa. Limamanmu kuma su riƙa kawo babin ciniki cikin huɗuba da misalan kasuwarmu, da sunan kayan da muke sayarwa.

Ba kowa zai sassaƙa akwatin sarki ba, ba a kuma nemi haka daga gare mu ba. Abin da mai saye yake bin mu, ko ya sani ko bai sani ba, ko zai dawo ko ba zai dawo ba, shi ne abin da ke ciki ya zama shi ne abin da muka ce. In roba ce mu ce roba ce. In tumatir ya kwana mu ce ya kwana, mu rage kuɗi. Ƙwarya tagari tana ragaya, in ji masu iya magana, kuma ba adon bayanta ne ya kai ta can ba. Allah ya sa mu ci halal, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.